Hayaƙin da ya daina baƙi bai zama mai tsabta ba

A Katsina, da an ga hayaƙin janareta ko na gidan burodi ya washe, sai a ce ba shi da sauran illa. Baƙin nan kunkunniya ce kawai. Iskar kabon dayoksaid da ke cikin hayaƙin ba ta da launi, matacin ƙura kuma ba ya tare ta.

A wasu masana'antu wanke hayaƙin ake yi don a cire kabon dayoksaid ɗin. Ana tura shi ta ƙasan doguwar hasumiya, ruwa mai kashi 30 cikin 100 na amin (sinadarin da ke kama iskar) yana zubowa daga sama a zafin digiri 40, ya shanye iskar. Sai a dafa ruwan a wata hasumiyar zuwa digiri 120, ya sake ta, a mayar da shi aiki. Dafawar nan ce ke cin kuɗi. In ba a fara cire salfa dayoksaid, wata iskar da ke cikin hayaƙin, da ruwan farar ƙasa ba, amin ɗin lalacewa yake yi, bututu su yi tsatsa.