Gwanjon tsabar kuɗi masu wuyar samu

Gwanjon tsabar kuɗi masu wuyar samu ciniki ne da ake yi a bainar jama'a, inda ake fito da tsofaffin kuɗin ƙarfe na ƙasashe daban-daban, na zinare da azurfa da tagulla, masu so su yi ta tayi, wanda tayinsa ya ɗara na kowa a sallama masa. Manyan gidajen da ke wannan sana'a suna Landan da New York da Dallas da Zurich. Wasunsu sun tsufa ƙwarai: an kafa Sotheby's a 1744, Spink kuwa yana danganta asalinsa da 1666. Gwanjon kansa awoyi kaɗan yake ɗauka. Jiran zuwansa ne mai tsawo, domin masu tara irin waɗannan kuɗi sukan yi watanni suna shiri, kuma akwai kuɗin da in ya shige hannun wani yau, sai bayan shekara ashirin ko talatin ya sake fitowa kasuwa.

Abin da ke sa kuɗi ɗaya tak ya yi tsada

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Akwai kuɗin tagulla na Rumawa da ya haura shekara 1,600 wanda ake sayarwa dala kaɗan, saboda an tono irinsa jingim. Abin da ake fara dubawa shi ne ƙaranci: nawa aka buga, nawa suka rage. Misalin da kowa ke kawowa shi ne zinaren Amurka mai dala 20 na shekarar 1933. An buga guda 445,500, amma kafin a sake su ga jama'a Shugaba Roosevelt ya hana mu'amala da kuɗin zinare, aka narkar da kusan dukkansu. 'Yan kaɗan suka sulale waje ta ɓarauniyar hanya. Ɗaya ya faɗa hannun Sarki Faruk na Masar a 1944. Da aka hamɓarar da shi, aka sa dukiyarsa a gwanjo a Alƙahira a 1954, gwamnatin Amurka ta nemi a cire wannan zinare daga jerin kayan, aka cire, daga nan ya yi ɓatan dabo. Sai a 1996 hukuma ta kama wanda aka yi imani shi ne a New York. Bayan doguwar shari'a aka daidaita cewa shi kaɗai ne a cikin irinsa doka ta yarda mutum ya mallaka. An sayar da shi dala miliyan 7.59 a 2002, sannan dala miliyan 18.9 a Yunin 2021. Zinaren da ke jikinsa bai wuce giram 30 da 'yan kai ba.

Bayan ƙaranci sai lafiyar kuɗin. A Amurka ana auna ta da ma'aunin da ya faro daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Kamfanoni irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, da ya biyo baya a 1987, su ke duba kuɗin, su ba shi maki, su rufe shi a cikin 'yar kwalin roba mai haske da lamba a jiki. Tazarar maki ɗaya ko biyu tana iya ninka farashi. Ƙarzanen da ido bai cika gani ba, a kumatun hoton sarki, yana iya zaftare dubban daloli.

Sai kuma salsala, wato jerin hannayen da kuɗin ya bi. Wannan ne sashen da baƙo ke rainawa, alhali shi ke riƙe da cinikin. Kuɗin da aka san yana cikin tarin wane a 1920, da hotonsa a tsohon kundin gwanjo, ya fi kwantar da hankali nesa ba kusa ba a kan wanda ya ɓullo jiya babu labari. Zinaren da Brutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shugaban Rumawa Julius Caesar, ya sa aka buga don tunawa da kisan ya nuna haka. An sayar da guda a Landan a Oktoban 2020 kan fam miliyan 3.24, daga baya bincike ya gano salsalar da aka rubuta masa ta ƙarya ce, a 2023 aka mayar da shi ƙasar Girka.

Kafin ranar gwanjo

Zumuɗin yana farawa ne ranar da kundin kayan ya fito, galibi makonni kafin gwanjon. Kowane kuɗi da lambarsa, da hoton fuskarsa da na bayansa, da nauyinsa, da inda aka buga shi, da ƙiyasin abin da zai yi. Mai tarawa na gaske ba karatu ɗaya yake yi wa kundin ba. Zai ɗauko tsofaffin kundaye ya gwada hotuna, ya ga ko wannan ne wanda ya kuɓuce masa a wancan karon, ya duba nawa irinsa ya yi a gwanjon baya, ya yanke wa kansa iyakar da ba zai wuce ba. Akan ware kwanaki na kallon kaya, inda ake miƙo kuɗin a kan faranti mai shimfiɗar ƙyalle, mutum ya riƙe shi ta gefe da yatsu biyu, ya karkata shi a ƙarƙashin fitila, ya sa madubin ƙara girma. Wanda ba zai iya zuwa ba sai ya wakilta dillalin da ya yarda da idonsa.

Sau da yawa mai kaya yana da farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, kuma gidan gwanjo ba ya bayyana shi. In tayi bai kai nan ba, albarka ke nan, kaya ya koma. A ranar, wasu suna cikin zaure, wasu a waya, wasu ta intanet, wasu kuma tuni sun bar tayinsu a rubuce. In guduma ta sauka, mai saye zai biya la'adar gidan a kan farashin, wadda a yau takan kai kashi 20 cikin 100 ko sama. Alƙaluman da jaridu ke bugawa yawanci har da wannan la'ada a ciki.

Jira mafi tsawo da aka sani a wannan fage shi ne na tarin Lars Emil Bruun, attajirin Denmark da ya yi arziki da cinikin man shanu. Ya ga ɓarnar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ji tsoron kada wuta ko yaƙi ya cinye tarin kuɗin tarihi na ƙasarsa. Sai ya bar wasiyya cewa a ajiye nasa tarin, abubuwa kusan 20,000, na shekara 100 bayan rasuwarsa: in na ƙasa ya salwanta nasa ya maye gurbi, in bai salwanta ba a sayar a ba zuriyarsa. Ya rasu a 1923. Magada suka jira, masu tarawa suka jira, da yawa suka mutu ba su ga ranar ba. An yi gwanjon farko a Copenhagen a Satumban 2024, kaya 286 suka tashi a kan kimanin yuro miliyan 14.8. Zinaren Sarki Hans na 1496 shi kaɗai ya yi yuro miliyan 1.2.

Dinarin Hijaz

Ga mutumin Kebbi ko Zamfara, dinari ba baƙon suna ba ne. Da shi ake lissafin nisabin zakka, dinari 20, da mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, rubu'in dinari. Wannan ma'auni yana komawa ga gyaran da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi a shekara ta 77 bayan Hijira, lokacin da ya buga dinari marar hoto, rubutu zalla, mai nauyin kimanin giram 4.25. Dinaran Banu Umayya na yawancin shekaru suna nan da dama, farashinsu bai cika yin nisa sosai da na zinaren jikinsu ba. Amma akwai na shekara ta 105 bayan Hijira da aka ƙara masa layin da ke cewa daga ma'adinin Amirul Muminina yake a Hijaz. 'Yan ƙalilan ne aka san da su. Gidan Morton & Eden na Landan ya sayar da guda a 2011 kan fam miliyan 3.72, ya kuma sayar da wani a 2019 kan wannan farashi. Wanda ya san yadda ake auna zinare a Anka ko Maru zai gane girman abin: nauyin bai kai giram biyar ba, sauran kuɗin duk na wannan layin rubutu ne.

Tsofaffin kuɗin da ke hannun jama'a a Kebbi

Ƙasar Kebbi ta daɗe da sanin kuɗin waje. Kuɗin wuri da aka yi ciniki da shi a kasuwar Jega daga tsibiran Maldives yake zuwa. Tare da shi akwai liyari, babbar azurfar Ostiriya mai hoton Sarauniya Maria Theresa. Heinrich Barth, matafiyin Bajamushe da ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya rubuta cewa a Kano ana canza irin wannan azurfa a kan wuri 2,500. Har gobe ana samunta a adudun tsofaffin mata, sau da yawa an liƙa mata ɗan kunne a sama don a zura zare a rataya a wuya.

A nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Kowane liyari yana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu, amma an ci gaba da buga shi da wannan shekara ba canji, a Vienna da Landan da Paris da Roma da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi. Wanda ke cikin adudu yana iya zama na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Nauyinsa kimanin giram 28 ne, kashi 83 cikin 100 azurfa, kuma darajar yawancinsu ta azurfar ce.

Haka labarin kwabo mai huji. Turawa sun fara buga kwabo da anini domin wannan yanki a 1907, da tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci a fuska. Aninin farko na alminiyam ne, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka kashe a kasuwa a duniya. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, da aka kafa a 1912, ta fito da sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwa daga 1913. Ƙaramin harafin H ko KN da ake gani a jikin wasu alama ce ta masana'antar da ta buga su a Birmingham, kuma masu tarawa suna lura da shi sosai, domin wata shekarar da wani harafi ta fi wuyar samu. Nijeriya ta fitar da nata kuɗin a 1959, naira da kobo suka zo ranar 1 ga Janairun 1973.

Kwabon 1936 yana da labari mai daɗi. Sarki Edward na Takwas ya sauka daga gadon sarautar Ingila a Disamban wannan shekara, kafin a saki kuɗi mai hotonsa a can. 'Yan samfurin da aka buga ne suka rage, kuma an sayar da zinare ɗaya daga cikinsu fam miliyan 1 a 2020. Amma a Afirka ta Yamma kwabo da ɗari da anini masu ɗauke da sunansa sun fito sun shiga kasuwa, domin kuɗi mai huji ba ya buƙatar hoto. An buga su da yawa, shi ya sa ba su da tsada. Duk da haka abin a adana ne: mai kwabon 1936 da ke ɗauke da sunan Edward a Argungu yana riƙe da kuɗin sarkin da Turawan Ingila kansu ba su taɓa kashe kuɗi da sunansa a ƙasarsu ba.

Abin takaici shi ne yadda ake ɓata waɗannan kuɗi da kyakkyawar niyya. Mutum zai ga kwabo ya yi baƙi, ya samo toka da lemun tsami ya dirje shi har ya yi ƙyalli, bai san ya kankare fatar da shekaru suka yi masa ba, wadda ita mai saye ke nema. Wasu kuma sun ƙare a wutar maƙeran fari sun zama zobba da warwaro. Ga kuma 'yan damfara da ke yaɗa cewa wani tsohon kwabo yana yin miliyoyi, su nemi a biya kuɗin gwaji ko na rajista tukuna. Gidan gwanjo na ƙwarai daga kuɗin ciniki yake cire la'adarsa, bayan an sayar.

Hukunci da doka

Jumhurun malamai sun halatta cinikin wa-zai-ƙara, suna kafa hujja da hadisin da Annabi (SAW) ya sayar da shimfiɗa da ƙwarya na wani mabuƙaci yana tambayar wa zai ƙara. Abin da aka haramta shi ne najashi, mutum ya yi tayi ba don yana son kayan ba sai don ya ɗaga wa wani farashi. Dokokin gwanjo a Ingila da Amurka ma suna hukunta irin wannan haɗin baki. Akwai kuma batun sayen zinare ko azurfa da kuɗi, wanda fiƙihu ya sharɗanta a yi hannu da hannu, don haka mai son yin tayi daga nesa ya kamata ya fara jin ta bakin malami.

Ta fuskar hukuma, yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta sa ƙasashe da dama sun tsaurara kan kuɗin da aka tono aka fitar ba izini. A Nijeriya, doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta kuma hana fitar da kayan tarihi waje sai da takardar izininta. Wanda ya ci karo da tulun tsofaffin kuɗi a gona ko a kango, abin da ya dace shi ne ya bar su a haɗe yadda ya same su, ya lura da wurin, ya sanar da hukumar ko ma'aikatan gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, domin masana suna gane lokacin da aka binne tarin ne ta hanyar duba kuɗin da ya fi sabunta a cikinsa.