Waiwaye: Yadda ranar Waliyyi Patrick ta yi suna a waje kafin gida

Duk shekara, in 17 ga Maris ta gabato, 'yan ƙungiyar masu gyaran famfo na birnin Chicago kan shiga ƙananan jiragen ruwa, su bi kogin da ya ratsa garin suna barbaɗa wani gari mai launin ruwan goro. Kafin ka ce kwabo, ruwan ya koma kore shar. Tun 1962 suke yin haka don girmama Waliyyi Patrick, waliyyin ƙasar Ayalan, wanda 17 ga Maris ce ranar bikinsa.

Shi kansa Patrick ba ɗan Ayalan ba ne. A Birtaniya aka haife shi, lokacin tana ƙarƙashin Rumawa. Yana da shekara 16 mahara suka sace shi, suka ƙetare da shi Ayalan, inda ya yi shekara 6 yana kiwo a matsayin bawa. Da kansa ya rubuta cewa a dajin kiwon ne ya koma ga addu'a dare da rana, har ya samu ya gudu, ya hau jirgin ruwa ya tsira. Daga baya ya zama bishop, ya kuma koma wajen mutanen da suka bautar da shi yana wa'azin addinin Kirista. Wannan a ƙarni na 5 ne. Sauran labaran da ake jingina masa, kamar cewa shi ya kori macizai daga tsibirin, ƙari ne na 'yan baya, don dama can Ayalan ba ta da macizai. Haka batun shamrok, ɗan ganyen nan mai kunne uku da aka ce da shi ya yi wa jama'a misalin Triniti, wato aƙidar Kirista ta Allah ɗaya cikin uku: sai bayan ƙarnoni da mutuwarsa aka fara rubuta shi.

A cikin Ayalan, ranar ta daɗe tana ta ibada kawai. Mutum ya maƙala ganyen shamrok a ƙirjin riga, ya je coci, ya dawo gida a ci abinci, shi ke nan. Da yake tana faɗowa cikin azumin kwana 40 na Kirista, akan sassauta wa mutane na yini guda. An mai da ita ranar hutu a 1903, amma daga 1927 har farkon shekarun 1960 doka ta hana buɗe mashaya a ranar. Wanda ya san yadda giya ke kwarara a bikin yanzu zai yi mamakin jin haka.

Hayaniyar daga ƙasashen waje ta fito. 'Yan Ayalan mazauna Boston sun yi taron ranar a 1737, a New York kuma sojojin Ayalan da ke cikin rundunar Birtaniya suka yi fareti a 1762. Sai babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852 ta zo, lokacin da cuta ta lalata dankalin da talaka ya dogara da shi. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu sama da miliyan suka yi ƙaura, akasarinsu zuwa Amurka. Can suka tarar da raini: matalauta ne, 'yan Katolika ne, ayyukan wahala kawai ake ba su. Faretin ya zama ranar da suke fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu su cika titi, don 'yan siyasa su ga yawan ƙuri'un da ke hannunsu. A ganina nan ne asalin ƙarfin bikin yake, ba a labarin macizai ba. Har abincin da Amurkawa ke ɗauka na gargajiya ne, naman sa mai gishiri da kabeji, a unguwannin baƙi na New York ya samu gindin zama. A gida Ayalan, naman alade aka saba ci.

Dublin, babban birnin Ayalan, ba ta yi faretin gwamnati ba sai 1931, kuma sai 1996 aka faɗaɗa shi ya zama biki na musamman don jawo masu yawon buɗe ido. Yanzu firaministan ƙasar kan je Fadar White House da kwanon shamrok, al'adar da ta faro daga 1952, zamanin Shugaba Truman.

A tsibirin Montserrat na yankin Karebiyan ma hutu ake yi, sai dai can suna haɗawa da tunawa da bayin da suka shirya tawaye ranar 17 ga Maris 1768, aka tona asirinsu. Najeriya kuwa, inda limaman mishan 'yan Ayalan suka gina makarantu da asibitoci da dama, tun 1961 Cocin Katolika ya ayyana Patrick a matsayin waliyyinta ita ma.