Don Allah a Daina Ƙona Tsofaffin Kwamfutoci

Karo na uku ke nan cikin wata guda ina tarar da abu ɗaya a zagayenmu na duba-gari a nan Gusau. Bayan wani shagon buga takardu, yara uku sun tsuguna sun tara wayoyin kwamfuta suna ƙonawa don su fitar da jan ƙarfe. Harshen wutar kore shar, hayaƙin baƙi ƙirin, iska na kaɗa shi kai tsaye cikin zauren gidan da ke kusa. Ƙaraminsu bai wuce shekara tara ba, yana juya wayar da kara, yana tari, idanu sun kaɗa sun yi jajir. Na ce, "Yaro, wa ya ba ku?" Ya ce mai shago ne ya sayi sababbi, ya ce su kwashe tsofaffin sadaka.

Wace irin sadaka ce wannan, jama'a?

Alhazai masu shaguna, masu ofisoshi, shugabannin makarantu masu ɗakin kwamfuta, da ku nake. Na san ba mugunta ba ce, so kuke a rage muku tarkace yaran kuma su samu na abinci. Amma kun san sarai inda kayan ke zuwa. Ɗan jari-bola ba shi da wata na'ura, guduma ce da ashana. Fasawa zai yi, ya ƙona, ya ɗauki abin da za a auna masa a sikeli, ya bar tokar a lungu.

Mu fa 'yan Zamfara ne. Wa zai ba mu labarin gubar dalma? A 2010 yara fiye da 400 muka rasa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dareta, 'Yargalma, Abare, duk mun san sunayen. A Bagega sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa a 2013, domin dalma ba ta ruɓewa, ruwan sama ba ya wanke ta ta tafi. Waccan daga dutsen zinare ta fito. To ita ɗin ce dai a cikin kwamfutarka, Alhaji. Tsohuwar monita mai doro gilashinta na iya ɗauke da kilo guda na dalma ko fiye. Batirin UPS, wato na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke lantarki, dalma ce zalla da ruwan batir. Tsofaffin allunan ciki da dalma aka liƙe su. Tsofaffin monitoci masu faɗi kuma akwai siraran fitilu a bayansu masu zaiba. Duk wannan ake zuba wa wuta a bayan gidan mutane!

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tokar. Wuta ta mutu, kowa ya watse, sai kaji su zo su tona, jariri mai rarrafe ya damƙa ya kai baki. Ba za ka ga komai a ranar ba. Sai daga baya yaro ya kama ciwon ciki, kasala, ba ya cin abinci, karatu ba ya zama, wani har jijjiga, a ce iska ce. Na kuma ga wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai tana hura gawayi da ɓallin robar firinta, wai ya fi saurin kamawa. Yaya, don girman Allah ki bari. Ke ce kike fara shaƙa, sai goyon da ke bayanki.

Kada a ƙona. Na faɗa a masallaci, na faɗa a kasuwa, zan sake faɗa: kada a ƙona, kada a fasa.

Abin yi ba shi da yawa. Kwamfutar da ke aiki, ko take gyaruwa, a kai wa mai gyara, a sayar ko a ba makaranta. Kafin ta bar hannunka a goge bayanan da ke ciki, sunayen abokan ciniki da lissafinka ba na bola ba ne. Wadda ta mutu murus a ajiye ta yadda take a ɗaki busasshe mai makulli, nesa da yara. Batir a mayar wa dillalin batir ba tare da an zubar da ruwansa ba. Waya in dole sai an cire jan ƙarfen, a feɗe ta da wuƙa. NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli, tana da dokoki kan sharar kayan lantarki tun 2011, akwai kuma kamfanonin da ta yi wa rajista don sarrafa ta. Ku haɗa kai ku masu shaguna a layi ɗaya, ku tara naku wuri guda, ku zo ofishin tsaftar muhalli mu nemo hanyar miƙa su.

Iyaye mata, in ɗanku na wasa inda ake wannan ƙone-ƙone, a wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci komai, kayan da ya sa kada a shigar da su ɗaki. In ya fara rashin lafiya a kai shi asibiti, a gaya wa likita inda yake zuwa, a nemi gwajin jini.

Mai shagon nan na same shi, mun yi magana, ya ce wallahi bai sani ba. Na yarda. Ranar Litinin zan koma lungun mu kwashe tokar tare.