"Za mu duba": tambayoyi da amsoshi kan neman canjin aiki a manyan kantunan Abuja

Duk wanda ya taɓa aiki a babban kanti a Abuja ya san wannan amsar. Ka tattara ƙarfin hali ka je ofishin manaja, ka ce kana so a ɗauke ka daga jera kaya a kanta a mayar da kai teburin karɓar kuɗi. Ko kuma ke ce kike neman a fitar da ke daga aikin yamma, don kafin a rufe kanti ki samu motar Mararaba ko Masaka dare ya raba. Ya ɗago kai daga wayarsa, ya ce, "To, za mu duba." Wata uku ya shuɗe, kana nan inda kake.

Na fara aiki daga sito a wani kanti da ke Wuse, har na kai ga riƙe jadawalin ma'aikata. An faɗa mini wannan kalma, ni ma na faɗa wa wasu, Allah ya yafe mana. Ga tambayoyin da ƙannenmu suka fi yi mini a kai.

Me ya sa manaja ke jin maganata amma ba ya yin komai?

Saboda a kunnensa ba buƙata ka kawo ba, gurbi ka zo buɗe masa. Abin da ake auna manaja da shi ƙalilan ne: nawa aka yi ciniki, kaya nawa suka ɓata ko suka lalace, layi ya yi tsawo a teburin kuɗi ko bai yi ba. Jadawalin da ke manne a bango, da ƙyar ya haɗa shi. Ya cire sunanka daga wuri guda, dole ya nemo wanda zai cike wurin, ya koya masa, ya kuma jure kurakuransa na makonnin farko. Cewa "za mu duba" ba ta cin ko sisin kwabo.

Akwai kuma namu laifin. An raine mu da kunya da kara, ba mu saba tambayar na gaba kai tsaye ba. Sai ka ji yaro ya ce, "Oga, wallahi aikin sitan nan akwai wahala," ya koma gida da yaƙinin ya nemi canji. Bai nema ba. Ƙorafi ya yi, kuma manaja na jin irinsa daga bakin kowa tun safe. Manajan da ba Bahaushe ba ma ba zai gane hannunka-mai-sanda kake yi masa ba. Wanda ya gane kuwa zai iya yin kamar bai gane ba, tunda ba ka ɗaure shi da komai ba.

Abu na uku ya fi ciwo: ƙwarewarka kan zame maka turke. Idan kai ne ka san inda kowane kwali yake a sito, kai ne kake sauke mota cikin sa'a guda ba a fasa ko kwalba ɗaya ba, to kai ne mutum na ƙarshe da za a so a ɗaga daga nan. Na taɓa riƙe wani yaro sama da shekara a wurin sanyi, wajen kaji da kifi, ba don na raina shi ba, sai don ranar da ba ya nan komai sai ya dagule. Shi kuwa ya ɗauka tsanarsa nake yi.

To yaya zan faɗa har ya ɗauke ni da gaske?

Ka je da gurbin a cike. Maganarka ta ƙunshi ainihin wurin da kake so, abin da kanti zai amfana, da wanda zai gaje ka. Ga misali:

"Ranka ya daɗe, ina neman minti biyar. Shekarata ɗaya da rabi a sito. Ina so a gwada ni a teburin kuɗi. Ranar Asabar layi na kaiwa har wajen kayan gwangwani, ga tebur na huɗu a rufe. Sabon yaron nan na koya masa karɓar kaya da duba takardar direba, zai iya riƙe sito da safe. A gwada ni Asabar biyu, in ban yi ba a mayar da ni."

Ka lura da ƙarshen. Canji na dindindin yana ba manaja tsoro, amma gwajin mako biyu kusan ba shi da hujjar ƙi, don ka bar masa ƙofar janyewa. Gani kuma ya kori ji: da zarar ya gan ka kana aikin lafiya lau, mayar da kai baya ne zai zama wahala.

Kafin nan ka yi shiri a nitse. In teburin kuɗi kake so, lokacin da babu jama'a ka tsaya kusa da kashiya ka ga yadda ake soke kayan da aka buga bisa kuskure, yadda ake sake fitar da rasit, me ake yi in na'urar POS ta cire kuɗin mai saye amma ba ta nuna ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka batun lokaci. Kada ka ce kawai kana so a riƙa sakin ka ranar Juma'a. Ka samu abokin aiki Kirista da ke son safiyar Lahadi, ku daidaita tsakaninku, ku je wa manaja tare da musayar a hannu. Ban taɓa ganin an ƙi irin wannan ba sai da dalili mai ƙarfi.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Ban da yammacin Asabar, ban da ƙarshen wata da albashin ma'aikatan gwamnati ya shigo, ban da makon Sallah ko na Kirsimeti, ban da ranar ƙirgen kaya. Safiyar Talata ko Laraba, kafin a rubuta sabon jadawali. Mafi kyau duka shi ne ranar da ka ji wani zai bar aiki, ko za a buɗe sabon reshe, ko ana saura makonni a shiga azumi ana neman ƙarin hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In na rubuta, ba zai ga kamar ina tara masa hujja ba?

Ya danganta da yadda ka rubuta. Takarda mai kan wasiƙa da sa hannu tun ranar farko kan sa mutum ya ja tunga. Ka fara da baki. Bayan kun rabu, ka tura masa gajeren saƙo ta WhatsApp: "Na gode da sauraro na yau, yallaɓai, kan batun gwaji a teburin kuɗi. Zan sake tuntuɓarka ranar Litinin mai zuwa kamar yadda muka yi." Wannan ladabi ne, kuma ga rana da kwanan wata sun zauna.

Sirrin kenan: ka mayar da "za mu duba" ta zama rana. In ya faɗe ta, ka ce, "Na gode. In dawo Litinin, ko Laraba ta fi maka?" In ya ce ba ka kai ba tukuna, ka tambaye shi me ya rage, ka rubuta abin da ya ce, ka dawo da shi a cike. Manajan da ya kasa faɗa maka abin da ya rage sau biyu a jere, amsarsa a'a ce, kunyar furta ta yake ji.

In kuma an amince, ka nemi a rubuta. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa, har da irin aikin da zai yi. In an canza wani sharaɗi, a sanar da shi a rubuce cikin wata guda. Kantuna da yawa ba sa yi, amma manajoji na yawan canzawa, kuma sabo ba ya sanin alkawarin baki da tsoho ya yi.

Doka ta ba ni haƙƙin a canza mini aiki?

A dunƙule, a'a. Raba aiki hurumin mai kanti ne, kuma gajiya da wuri ko sha'awar wani ba hujja ba ce a gaban doka. Amma akwai yanayin da ƙafarka ke kan tudu.

Mai juna biyu: sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba ki damar barin aiki mako shida kafin haihuwa in kin kawo takardar likita, ya kuma hana a sa ki aiki mako shida bayanta, tare da aƙalla rabin albashi in kin yi wata shida a wurin. Mai shayarwa na da rabin sa'a sau biyu a rana. Dokar ba ta ce lalle a ɗauke ki daga ɗaga kwali ba, amma takardar likita da ta ce kada ki ɗauki nauyi ko ki daɗe a tsaye, manaja mai hankali ba ya wasa da ita. Kada kunya ta sa ki ɓoye cikin har sai kin faɗi a bakin aiki. In faɗa wa namiji ya yi miki nauyi, ki bi ta hannun wata sufabaiza mace.

Rashin lafiya: sashe na 16 ya tanadi har kwana 12 a shekara da albashi, in likita ya tabbatar. Wanda ya ji rauni a bakin aiki, Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta shafe shi, kuma hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ce ke kula da ita. Ga kuma dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. A duk waɗannan, kada ka ce "bayana na ciwo" da baki kawai. Ka nemi likita ya rubuta abin da ba za ka iya yi ba, da tsawon lokacin, kai kuma ka zo da jerin abin da za ka iya.

Teburin kuɗi kowa ke so. Akwai abin da ya kamata in sani kafin in nema?

Akwai: giɓi. Ranar da aka rufe lissafi kuɗi bai cika ba, kan kashiya yake faɗawa, ko da wani ne ya nuna maka alat na bogi, ko ka yi kuskuren canji cikin cunkoso. Ka tambayi tsofaffin kashiyoyi nawa aka taɓa yanka musu. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cin ma'aikaci tara daga albashi. Yanka saboda asarar da ganganci ko sakacinsa ya jawo ma sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce, kuma jimillar abin da za a cire a wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin watan. Abin da ke takarda kenan. Abin da ke faruwa a kanti, ku da kuke ciki kun fi kowa sani.

Ka kuma yi hattara da canjin da ƙarin nauyi ne tsagwaronsa. An ba ka makulli, an ce kai ne za ka riƙa rufewa, ana kiran ka "sufa", wato sufabaiza, albashi kuwa yana nan yadda yake. Karɓar wannan na ɗan lokaci ba laifi, in kun yanke ranar da za a zauna kan kuɗi tun kafin ka karɓi makullin.

Ya ce ba a hannunsa abin yake ba. Gaskiya ne?

Sau da yawa gaskiya ne. A manyan kantuna, wasu ma'aikata ba kanti ne ya ɗauke su ba, wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya kawo su. Duba sunan da ke kan takardar ɗaukarka. Wasu kuma sai hedkwata ta sa hannu, wata ma tana Legas. Sai ka ce, "To, yallaɓai, wa zan rubuta wa, kuma za ka mara mini baya?" Kada ka tsallake shi a ɓoye, don takardar za ta dawo teburinsa a nemi ra'ayinsa.

A shagon maigida kuwa, irin na kasuwar Wuse ko layin waya na Banex, babu wani ofishin ma'aikata. Can maganar ta dangantaka ce. In kana so Alhaji ya fara aiken ka sarin kaya maimakon tsaron shago, wanda ya kawo ka wurinsa shi ne bakinka. Magana ɗaya daga kawunka bayan sallar Isha'i ta fi takarda goma.

In ce masa zan bar aikin in bai canza mini ba?

Sai in da gaske kana da inda za ka. Magana zarar bunu ce. A garin da ake ajiye takardun neman aiki a wurin mai gadi kullum, manaja na iya ce maka "Allah ya ba da sa'a" nan take, in kuma ka fasa tafiya, ba zai ƙara ɗaukar maganarka da nauyi ba. In ka yanke tafiya, ka ba da sanarwa yadda sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara, sai in takardarka ta tanadi fiye da haka: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata guda daga nan zuwa sama. Manajojin Abuja sun san juna, kuma sabon wurin zai iya ɗaga waya ya tambaya.

Na yi duk wannan, amma waɗanda suka zo bayana ake ɗagawa. Ina zargin son kai ne.

Yana faruwa, na ƙabila, na addini, na ɗan gidan wane. Amma zargi ba ya tafiya shi kaɗai. Ka rubuta ranakun da ka nema, amsar da aka ba ka, gurbin da ya buɗe, da wanda aka ba. Wani lokaci rubutun zai nuna maka wancan ya iya kwamfuta ne kai ba ka iya ba, sai ka san abin gyara. Wani lokaci kuma zai nuna abin da kake zargi ƙarara.

In na biyun ne, ka kai wa na gaba da manaja, da takardarka a hannu ba da ɗaga murya ba. In kantinku na da reshen ƙungiyar ma'aikatan kantuna ta NUSDE, wadda ke ƙarƙashin babbar ƙungiyar ƙwadago ta NLC, ka ga wakilinku. Ofishin ƙwadago na tarayya na karɓar koke, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kuma tana zama a nan Abuja. Sai dai waɗannan sun fi amfani kan kora ba bisa ƙa'ida ba, ko albashin da aka riƙe, ko yankan da ya saɓa doka. Ba na ba kowa shawarar ya je kotu don a mayar da shi daga sito zuwa sashen turare. A nan, ka nemi takardar shaidar aiki tun kuna shiri da manaja, ka rubuta duk abin da ka koya a gwaje-gwajen da aka yi maka, ka kai wa kantin da ke tsallaken titi.