Shin doka ta ba firfet ikon dukan juniya?

Duk lokacin da yaro ya dawo hutu daga makarantar kwana da shatar bulala a gadon baya, zaurukan iyaye na WhatsApp sukan rabu gida biyu. Wasu su ce ai haka muka taso, siniya shi ne uba a ɗakin kwana, kuma hukumar makaranta ce ta ɗaura masa bajen firfet, don haka yana da hurumin ladabtarwa. Wasu kuma su rantse cewa yanzu an yi doka, ko malami ne ya ɗaga tsumagiya sai ya kwana a gidan yari. Duka ɓangarorin biyu sun kauce, amma na farkon ya fi ba ni tsoro, domin yaran da aka naɗa shugabannin ɗalibai suna jin wannan magana suna ɗaukarta gaskiya.

A nan Arewa tushen zancen yana cikin dokar hukunta laifuka ta Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960. Sashe na 55 ne ya lissafa waɗanda in sun yi horo ba za a ɗauka laifi ba: uba ko mai riƙon yaron da bai kai shekara 18 ba, malamin makaranta a kan yaron da aka damƙa masa, ubangida a kan yaron gidansa ko mai koyon sana'a a hannunsa, sai miji a kan matarsa inda al'adar aurensu ta yarda da haka. Wannan na ƙarshen ya daɗe yana shan suka, kuma ya cancanci sukar, amma zancen wata rana ne. Jihohin da suka sake rubuta dokarsu, kamar Kaduna a 2017, lambobin sassan sun canja, sai a duba ta jihar da ake ciki.

A sake karanta jerin da kyau. Babu shugaban ɗalibai a ciki, babu firfet na ɗakin kwana ko na aikin shara, babu siniya kowane iri. Doka malami ta ambata. Yaron da ke ajin ƙarshe, ko da gemu ya fara tsiro masa, ɗalibi ne da aka damƙa wa makaranta kamar yadda aka damƙa ɗan aji ɗaya. Wani zai ce to ai malamin ne ya ce masa ya zane su. Wannan hujja ce da lauya zai iya gwadawa a gaban alƙali, amma ni ba zan so ɗana ya jingina da ita ba, don malamin da ya ba da umarni da baki a filin asambili yakan manta ya faɗa ranar da 'yan sanda suka zo.

Shi ma malamin ba a sakar masa mara ba. Sashen ya ce horon bai halatta ba idan ya wuce hankali a irinsa ko a yawansa, in aka dubi shekarun yaro da lafiyar jikinsa da ta ƙwaƙwalwarsa. Sannan kariyar tana faɗuwa gaba ɗaya da zarar an yi mummunan rauni, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Yawanci ana zaton mummunan rauni sai an ga jini yana malala ko an kwantar da yaro a asibiti. Sashe na 241 ya fayyace shi dalla-dalla: makantar da ido, kurumtar da kunne, nakasa gaɓa, ɓata fuska har abada, karya ƙashi ko gurɗe shi, karya haƙori ko girgiza shi daga mazauninsa, da duk raunin da ya jefa rai cikin haɗari ko ya sa mutum ya yi kwana 20 cikin azabar ciwo ko ya kasa harkokinsa na yau da kullum. Mari ɗaya da ya fasa dodon kunne har ji ya tafi ya shiga. Hukuncin yana iya kai wa ɗaurin shekara bakwai.

Na taɓa ganin irin wannan da idona muna aji uku. Da asuba aka tashe mu ɗibar ruwa, wani yaro ya makara, firfet ya sa shi kamun kunne a bakin rijiya, sannan ya taɗe shi ta baya. Bakinsa ya daki bokitin ƙarfe, haƙorin gaba ya fita rabi. Abin da aka yi shi ne aka ba shi ruwan gishiri ya kurkure, aka ce kada ya kuskura ya faɗa a gida. A lokacin ba wanda ya san abin da ya faru yana da suna a littafin doka.

Masu cewa ai yaro ne, doka ba ta kama yaro, su ma su gyara. Sashe na 50 ya yafe wa wanda bai kai shekara bakwai ba, da wanda ke tsakanin bakwai da sha biyu idan hankalinsa bai kai ya gane abin da ya aikata ba. Ɗan shekara 17 ya wuce nan da nisa. Abin da Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadar masa shi ne a yi shari'arsa a matsayin yaro, a jihohin da suka karɓe ta, kuma ita wannan dokar a sashe na 11 ta hana azabtar da kowane yaro ko wulaƙanta shi. Gwale-gwale da tsallen kwaɗo a cikin rana har yaro ya suma ba sa buƙatar bulala kafin su zama wulaƙanci.

Inda tsari ya san da zaman shugaban ɗalibai shi ne wakilci. A kwamitin gudanar da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC, an ware wa ɗalibai kujeru, namiji da mace, su zauna da shugaban makaranta da wakilan iyaye da na masu unguwa su faɗi abin da ke damun 'yan'uwansu, daga rufin aji mai yoyo har abincin da ba ya isa. A makarantu da yawa sunansu kawai ake rubutawa a takarda, ba a kiransu taro. An hana yaro aikin da aka tanadar masa, an miƙa masa dorina saboda malamin da ke kula da ɗakin kwana ya tafi cikin gari tun magariba, kuma idan haƙori ya fita sunan yaron ne zai shiga takardar ƙara.