Ɗaukar hoton allo a cikin gem: tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Me ya sa gem ɗina yake ƙamewa duk sanda na ɗauki hoto?

Don a lambobin gem ɗin da ka rubuta ka kira glReadPixels kai tsaye, wato umarnin OpenGL (tsarin zana hoto) da ke kwaso hoton allo daga katin hoto. Katin hoto yakan kasance bayan furosesa da firem (hoto guda cikin jerin da gem ke zanawa) ɗaya ko biyu, wannan kiran kuma yana sa furosesa ta zauna jira sai katin ya gama duk aikin da ke gabansa. A firem 60 cikin sakan, milisakan 16.7 kacal gare ka.

In sayi sabuwar kwamfuta?

A'a. Gyara abin da ka rubuta.

PNG ya fi ko JPG?

Ko wanne, amma kada ka matse hoton a zaren (thread, wato layin aikin furosesa) da ke zana gem. Miƙa wa wani zaren daban. Sau nawa za a faɗa muku?

To yaya zan ɗauki kowane firem ba tare da gem ya yi nauyi ba?

Nan ne aikin yake. Firem ɗaya na 1920 da 1080, bayit 4 kowane fiksel, ya haura megabayit 8. Sau 60, kusan megabayit 500 ke nan a sakan. Buɗe PBO uku, wato bafofin da katin ke zuba fiksel ciki ba tare da furosesa ta jira ba, a GL_PIXEL_PACK_BUFFER. A kowane firem ka tura glReadPixels cikin ɗaya, ka karanta wanda ka cika firem biyu da suka wuce, kana juya su. Sa alamar glFenceSync, kada ka taɓa bafar sai alamar ta nuna an gama, in ba haka ba jiran nan zai dawo. Gwada GL_BGRA, a katuna da yawa ya fi GL_RGB sauri, amma ya danganta da direban katin (manhajar da ke tafiyar da shi), sai ka auna. A Direct3D 11, tsarin zana hoto na Microsoft, CopyResource zuwa staging texture, wato kwafin hoton da furosesa ke iya karantawa, sannan Map daga baya. Masu Unity, manhajar ƙera gem, AsyncGPUReadback.

Sai dai fa, a irin laftof ɗin ɗaliban Samaru mai katin Intel da ke raba ma'adana (RAM) da furosesa, ribar PBO ɗin ba lallai ta kai yadda kake zato ba. Can gara ka rage girman hoton da glBlitFramebuffer tukuna, 1280 da 720 ma ya isa. Kuma kada ka auna a kan batir bayan an ɗauke wuta, ko injin ya ɗau zafin Afrilu. Da kansa yake rage gudu.

Hotona ya fito a kife!

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. OpenGL daga layin ƙasa yake farawa. Juya layukan lokacin ajiyewa.