Tafiya a siririn jirgin ruwa cikin ƙauyukan Birtaniya: tambayoyi da amsoshi

Wai wane irin jirgi ne wannan?

Jirgi ne dogo siriri, faɗinsa mita 2 da 'yar ɗoriya, tsawonsa kuma yakan kai mita 21. Ba don gayu aka yi shi haka ba, hanyoyin ruwan da aka haƙa da hannu a Ingila tun ƙarni na 18 ƙofofin da jirgi ke bi ya hau tudu ko ya sauka a cikinsu matsattsu ne, toh dole jirgi ya bi girman ƙofa. Da can kwal da ƙarfe da sauran kaya masu nauyi ake lodawa, doki na gefe yana ja da igiya. Hanyar Bridgewater da aka buɗe a 1761 don kai kwal Manchesta ita ce ta fara tashe, da jirgin ƙasa ya shigo kuma sai harkar ta dinga ja baya. Yanzu injin dizal ne a jikinsu, ciki akwai gado da kicin da banɗaki, mutane su yi hayarsa na sati, wasu ma a ciki suke zaune dindindin.

Yaya gudunsa yake?

Babu gudu fa. Doka ta ce kar ka wuce mil 4 a awa, wajen kilomita 6 kenan, in za ka gifta jiragen da aka ɗaure a gefe kuma sai ka ƙara ragewa don kar ruwa ya jijjiga su, in ba haka ba wallahi za ka sha harara. Mai tafiya a ƙafa da karensa zai iya wuce ka yana ɗaga maka hannu. Duk mai gaggawa gara ya hau jirgin ƙasa kawai.

Me ya sa ake son zuwa tsakanin Maris da Mayu?

Lokacin ne sanyi ke sakin ƙasar, itatuwa su fara toho, 'yan raguna sababbin haihuwa su cika filaye, agwagi na yawo da 'ya'yansu a ruwa. Sannan gyare-gyaren da hukumar Canal & River Trust mai kula da hanyoyin ruwan ke yi da hunturu, inda ake rufe wasu sassan hanya, yawanci an gama su, ga shi cunkoson hutun Yuli da Agusta bai zo ba. Amma kar hotuna su ruɗe ka, da dare akwai sanyi sosai, ruwan sama kuma ba ya sallama, shi matuƙi a waje yake tsaye a bayan jirgi babu rumfa, sai da rigar ruwa.

Ta yaya jirgi ke hawa tudu?

Nan ne aikin yake. Akwai wani ɗaki na ruwa mai ƙofa gaba da baya, sai a shigar da jirgi a rufe ƙofar baya, wani ya sauka da ƙarfen murɗawa ya buɗe kafar da ruwan sama zai shigo, ruwa na cika jirgi na ɗagawa har ya daidaita da na gaba, sannan a jingina baya a tura ƙatuwar ƙofar katako ta buɗe. In saukowa ne sai a zubar da ruwan. A hanyar Llangollen irin waɗannan ɗakunan guda 21 ne, a Grindley Brook ma akwai uku a manne kamar matakalar bene, nan ne sababbin shiga ke rikicewa. Komai da hannu ake yi, don haka wanda ya zo da niyyar kwanciya kawai ana tuƙa shi, toh ya yi ɓatan kai.

Wace hanya ce ta fi burgewa?

Ni dai Llangollen zan ce, wadda ta taso daga Hurleston a Ingila ta shiga Wales. Saboda gadar Pontcysyllte, gada ce da ruwa ke bi ta kanta, Thomas Telford da William Jessop suka gina aka gama a 1805, tsawonta mita 307, tsayinta daga kogin Dee mita 38, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Gefe ɗaya akwai hanyar ƙafa da shinge, ɗaya gefen kuwa babu komai sai ɗan bakin ƙarfe, matuƙi in ya leƙa ƙasa sai sarari. Mai tsoron tsayi ya shige ciki ya zauna.

Sai da lasisin tuƙi?

A'a, in haya ka yi kamfanin zai koya maka kafin ka tashi. Sandar tuƙin a juye take aiki, ka tura hagu jirgi ya yi dama, birki babu sai dai ka sa ribas, kuma hannun dama ake bi ba kamar titin Ingila ba.

A ina ake kwana?

Kusan duk inda yamma ta yi maka a gefen hanyar ƙafa, ka buga turaku ka ɗaure, banda bakin ƙofofin ruwa da gindin gada da wurin da ake juya jirgi.